Ɗakin Zane da Aikin Hannu a Makarantar Firamare: Daga Ina Za Mu Fara?

Wannan shi ne jawabin da ɗaya daga cikin tsofaffin malamanmu na firamare ya gabatar a taron ƙara wa juna sani na malaman Rano da Kibiya. Mun buga shi ne saboda 'yan'uwa da ba su sami halarta ba, da kuma iyalanmu a gida.



Shugaban taro, shugabannin ƙungiyarmu ta malamai na Rano da na Kibiya, wakilan ofisoshin ilimi, shugabannin makarantu, yayyena a wannan aiki da ƙannena, malamai maza da mata, ina yi muku barka da zuwa. Na gode da aka ba ni wannan dama, ko da yake na san a cikin ɗakin nan akwai waɗanda suka fi ni sanin abin da zan faɗa.

An ce in yi magana a kan yadda ake kafa ɗakin zane da aikin hannu a makarantar firamare, da yadda ake tsara shi. Na lura lokacin da aka karanta kan maganar, wasu sun yi murmushi. Na fahimci murmushin. Malamin da ajinsa ke yoyo, yaransa na zaune a ƙasa, ya zo taro a ce masa ɗakin zane, dole ya ga kamar an zo yi masa tatsuniya. To, ku ba ni aron kunnuwanku, in fara da abin da ya same ni.

Wata shekara na ba 'yan aji biyar jarrabawar ƙarshen zango. A cikin tambayoyin akwai wadda ta ce a kawo launuka uku na asali. Kusan duk ajin suka rubuta ja, rawaya da shuɗi, na yi ta ba da maki ina jin daɗi. Da aka dawo hutu sai na sami ɗan fenti, na zuba rawaya da shuɗi a murfin gwangwani, na tambaye su abin da zai fito idan an gauraya. Aji ya yi tsit. Da na juya tsinke kore ya bayyana, sai yara suka yi sowa kamar na yi musu dabo. Shekara biyar suna darasin nan, ba wanda ya taɓa ganin launi ya haifi launi. A ranar kuma, ina kan hanyar gida, na tarar da wani yaro na ajin, wanda kullum yake can ƙarshe a sakamako, yana jan motar kara da ya ƙera da hannunsa. Tana da ƙofofi masu buɗewa, tana da ƙafafu na tsohon silifa, har da madubin gefe. Yaron nan na ba shi maki mafi ƙanƙanta a darasin fasaha. Tun daga ranar na san laifin ba nasa ba ne.

Darasin yana nan a jadawalin kowace makarantarmu. Manhajar ilimin bai-ɗaya ta shekara tara, wadda hukumar NERDC ta tsara, ta haɗa zane da aikin hannu da waƙa da wasan kwaikwayo a darasi guda na al'adu da fasaha, wanda muke kira CCA. Amma mu faɗa wa kanmu gaskiya: a yawancin azuzuwa abin da ake yi shi ne malami ya cika allo da bayani, yara su kwafa, a kaɗa ƙararrawa. Mun mayar da darasin hannu ya zama darasin hadda. Abin da nake so in tabbatar muku yau shi ne, gyaran wannan bai rataya a kan sabon gini ba. Ɗakin zane tsari ne kafin ya zama gini: wuri sananne, kaya a lissafe, lokaci a jadawali, da mutumin da aka ɗora wa amana a rubuce. Wanda ya sami waɗannan huɗu yana da ɗakin zane, ko da a gindin darbejiya yake koyarwa.

Ƙasar da muke tsaye a kanta

Kafin in shiga tsari, bari mu tuna ko mu su wane ne. Rano ɗaya ce daga cikin Hausa Bakwai, har yau ana yi wa sarkinta kirari da Autan Bawo. A labarin da aka gada na rabon ayyuka tsakanin 'ya'yan Bawo, an ce Gobir ce ta yaƙi, Katsina da Daura na kasuwa, Kano da Rano kuwa su ne sarakunan baba, wato na rini da tufafi. Da Baturen nan ɗan Jamus, Heinrich Barth, ya iso Kano a 1851, ya rubuta yadda rinannun tufafin ƙasar nan ke kaiwa har Tambutu da Tarabulus. Maƙwabtanmu na Kura sun yi suna da turkuɗi, wanda Buzaye ke naɗawa a cikin Sahara. Ashe kuwa abin kunya ne a ce ɗan Rano ko ɗan Kibiya ya gama firamare bai san shuɗi ba sai a rubuce.

Kuma koyar da aikin hannu a makarantar boko ba baƙon abu ba ne a ƙasar Kano. Makarantar da Ɗan Hausa ya buɗe a Nasarawa a 1909 tana da sashen koyar da sana'o'in hannu. A Zariya, a 1958, wasu ɗaliban zane, cikinsu har da Uche Okeke da Yusuf Grillo da Bruce Onobrakpeya, suka kafa ƙungiya suna cewa mai zanen Nijeriya ya ɗauki dabarun zamani ya haɗa da gadon gidansu, kada ya zauna yana kwaikwayon Turawa kawai. Sannan duk wanda ke da naira ashirin a aljihu ya juya bayanta, zai ga Ladi Kwali tana ginin tukunya. A ƙauye ta koya tun tana yarinya, a hannun 'yar'uwar iyayenta, kafin ta shiga cibiyar ginin tukwane ta Abuja ta dā, wato Suleja ta yau, a 1954. A 1977 Jami'ar Ahmadu Bello ta ba ta digirin girmamawa. Da yumɓu ta fara, irin wanda muke takawa a bakin rafi.

Mataki uku na wuri

Makarantunmu ba ɗaya suke ba. Ta cikin garin Rano daban, ta wani ƙauye a bayan Rurum ko Tarai daban. Saboda haka na kasa maganar wuri kashi uku, kowa ya duba inda ya faɗa.

Na farko, makarantar da ke da ɗakin da ba a amfani da shi. Irin wannan ɗaki yakan zama sito, cike da karyayyun bencina. Idan an ba ka shi, kada ka fara da fenti ko ado. Fara da ƙofa da kwaɗo, domin abin da ba a kulle ba, ba a ajiye shi ba. Sai rufi: ka shiga ranar da ake ruwa ka ga inda yake zuba, ka sa alama da alli. Sai tagogi, saboda mai zane da haske yake aiki, kuma yawancinmu ba mu da lantarki. A zaunar da yara yadda haske zai zo musu ta gefe, kada ya zo ta gabansu ya kashe musu ido, kada kuma ya zo ta baya inuwarsu ta rufe takarda.

Na biyu, makarantar da ba ta da ɗaki amma akwai kusurwa a wani aji. Kabad ɗaya mai kulle, igiya biyu a bango, da tabarmi a naɗe, sun isa.

Na uku, wanda nake jin nan yawancinmu za mu fara, shi ne akwati. Akwatin ƙarfe irin na 'yan makarantar kwana, ko na katako da kafinta zai haɗa daga ragowar bencinan da suka karye. Yana kwana a ofishin hedimasta, yara biyu su ɗauko shi lokacin darasi, a shimfiɗa tabarmi a inuwa. Guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni.

Ko ɗaki ne ko kusurwa, a raba wurin gida huɗu. Wajen jiƙa, inda ake taɓa ruwa da yumɓu da launi, ya kasance kusa da ƙofa, don kada a ratsa aji da bokiti. Wajen busasshen aiki, na fensir da gawayi da saƙa, ya kasance kusa da tagogi. Wajen ajiya a can ƙurya. Sai bangon nuni, inda ake rataye ayyukan yara, a daidai tsayin idon yaro, ba na malami ba. Ban damu da tebur ba. Yaronmu ya saba zama a tabarma da allo a cinya. A yanka kwali mai kauri ko falanki marar nauyi, faɗinsa ya ɗan fi littafin rubutu a buɗe, kowane yaro ya ɗora takardarsa a kai. Bencina ma cinye wuri suke yi.

A wajen ajiya abokan gaba uku ne: gara, ɓera da ƙura. Kada kwali ko takarda su taɓa ƙasa ko su jingina da bango. A ɗora kabad a kan bulo, a bar tazarar tafin hannu tsakaninsa da bango, a riƙa leƙawa kowane mako. Duk abin da aka haɗa da sitaci ko gari, ɓera zai bi shi, sai a sa a gwangwani mai murfi. Da hunturu kuwa a lulluɓe kanta da tsohon zane. Kayan da yara za su ɗauka da kansu a sa su ƙasa-ƙasa, kowane gwangwani da sunansa a jiki da Hausa da Turanci, don karatu ya shiga ta nan ma. Almakashi da reza da allura suna sama, a kulle, a hannun malami kaɗai, kuma da ƙidaya ake fito da su, da ƙidaya ake mayarwa.

Kayan aiki

Nan ne ake cewa babu kuɗi. Gaskiya ne akwai abin da sai an saya: fensir, almakashi, 'yar takarda, bokiti biyu, kwaɗo. Amma mafi yawan kayan suna kewaye da mu. Ruwa na ƙasa sai ga wanda bai tona ba.

Baƙi dai kowane almajiri ya san shi. Gawayi ne a daka a tankaɗe, a haɗa da ƙaro da ruwa, ga tawada. Ƙaron nan shi ne sirrin duka launukan da za mu haɗa, shi ke riƙe su a jikin takarda. Jar ƙasa da farar ƙasa, a shanya, a daka, a tace da ƙyalle, a sa ƙaro, sun zama fenti. Gangamau yana ba da rawaya. Lalle yana ba da ja mai duhu. Karan dafi, wanda dukawa ke rina fata da shi, yana ba da ja. Zoɓo ma yana yi, sai dai rana na kashe shi da wuri. Amma yana da wani amfani. Zuba ruwan zoɓo a kofi biyu, ka matsa lemon tsami a ɗaya, ka sa ruwan kanwa a ɗayan. Na farkon zai ƙara haske, na biyun zai juye ya yi duhu-duhu ya karkata zuwa kore. Gangamau kuma idan ya haɗu da kanwa sai ya koma ja. Ka ga a zama ɗaya ka koyar da zane ka koyar da kimiyya.

Buroshi kuwa, a sami ɗanyen tsinke irin na asuwaki a daddaƙe bakinsa har ya yi gashi, ko a ɗaure gashin kaza a jikin kara. Alƙalamin kara kowa ya iya feƙe shi. Gam kuma, sitacin rogo ne a dama da ruwan zafi, a yi daidai na yini guda don yana tsami.

Yumɓu yana son haƙuri. A haƙo, a shanya, a daka, a tankaɗe tsakuwa, a jiƙa ya kwana, a cuɗa shi da ɗan dakakken tsingaro ko yashi mai laushi don kada ya tsage, sannan a ɗaure a leda. Amma ina roƙonku da babbar murya, kada a aiki yaro kududdufi ko ramin haƙar ƙasa ɗebo yumɓu. Ramuka na ruftawa, ruwa na cin yara. Babba ne zai je, ko a nemi maginan tukwane su taimaka.

Takarda ita ce mai wuyar samu. Bayan tsofaffin kalanda, kwalayen shaguna, da ragowar littattafan rubutu duk suna yi. Sai dai malami ya tantance da kansa kafin ya raba. Duk takardar da ke ɗauke da aya ko sunan Allah a ware ta, kada a yanka, kada a bari ta faɗi ƙasa. Haka nan takardun sirri na makaranta. Kuskure ɗaya a nan yana iya rufe ɗakin gaba ɗaya, kuma da gaskiyar iyaye.

Akwai abubuwan da ba za su shiga ɗakin ba ko kyauta aka ba mu: baƙin garin cikin tsohon batir, ragowar fentin mota ko na ƙofa, sodar rini ta kanti, da duk wani mazubi da aka taɓa zuba maganin feshi a ciki. Mu manoma ne, irin waɗannan robobi sun cika gidajenmu, kuma yaro hannunsa ba ya nisa da bakinsa.

Sannan a bi shekara yadda take tafiya. Zangon farko yana faɗawa cikin kaka, lokacin kara da ƙwarya da zoɓo. A tara na shekara, a yi motoci da gidaje da tabarau da ɓawon kara da totuwarsa. Zango na biyu hunturu ne da farkon bazara, launi na bushewa nan da nan, ya dace da fenti da buga hoton ganye da saƙar kaba. Yumɓu kuwa tsagewa yake yi sai an rufe shi da jiƙaƙƙen buhu. Zango na uku ruwa ya sauka, ƙasa ta yi laushi, ga ganye iri-iri, lokacin gini ke nan.

Yara tamanin, malami ɗaya

Na san tambayar da ke ranku. Na koyar da aji mai yara sama da 80, na san yadda abin yake. Darasi na minti 30 ko 35 ba ya isa. Kafin a raba kaya an tashi. A roƙi hedimasta ya haɗa darasi biyu a jere sau ɗaya a mako, zai fi kyau a ce kafin tara ko kafin tashi, don wanke hannu kada ya ci lokacin wani malami. Idan an sami minti 70, ga yadda nake kasa su: 10 na nuni, malami ya yi abin da hannunsa yara na kallo, ba dogon bayani, 40 na aiki, 10 na shara da mayar da kaya, 10 na ƙarshe a zauna a dubi abin da aka yi. Kada a yarda a cinye goman ƙarshen nan. A nan ne yaro ke koyon ya tsaya gaban jama'a ya faɗi abin da ya yi da dalilinsa.

A raba aji rukuni takwas, kowanne da shugaba, maza da mata, kuma shugabancin ya riƙa zagayawa. Shugabannin ne kaɗai ke zuwa wajen ajiya. Kowane rukuni na da tire ko faifai guda da aka jera masa kayansa. Rukuni huɗu su yi aikin jiƙa, huɗu su yi busasshe, mako mai zuwa a yi musanya. Da haka rabin kaya ya ishi aji duka. Bokiti biyu a bakin ƙofa, ɗaya na wanke buroshi, ɗaya na wanke hannu.

'Yan aji ɗaya zuwa uku a bar su su saki hannu: zane a yashi da yatsa, mulmula yumɓu, yaga takarda da liƙawa, dangwala ganye a launi. Kada a raina wannan. Yatsun da suka saba mulmula da ja da lanƙwasa su ne ke riƙe fensir da kyau, kuma yaron da idonsa ya saba rarrabe siffa shi ne ke saurin gane bambancin b da d. 'Yan aji huɗu zuwa shida kuwa a shiga awo da tsari: zana da'ira da ƙusa da zare, maimaita ado a jere, dagi, zanen hula, adon bangon soro, taswirar hanya daga gida zuwa makaranta, duwatsun Rurum kamar yadda ake hango su.

Kowane yaro a yi masa jaka ta kwali, ya rubuta sunansa da kwanan wata a bayan duk aikin da ya yi. Da ita za a ba da maki a ƙarshen zango, a dubi inda ya faro da inda ya kai. Abu biyu nake hana ƙannena malamai. Kada ka karɓi takardar yaro ka gyara masa zane da hannunka. Nuna masa a wata takarda. Kuma kada bulala ta shiga wannan darasi. Hannun da ke rawa don tsoro ba ya ja layi.

Maganar da ba a son tayarwa

Akwai iyaye da za su tambaya game da zanen abu mai rai. Tambaya ce ta gaskiya, ta mutanen da ke kishin addininsu, kuma mu ma 'ya'yan garin nan ne. Ni ba malamin fatawa ba ne. Abin da na yi shi ne, kafin in fara, na je na gai da limamin unguwa da shugaban kwamitin makaranta, na nuna musu abin da za mu yi. Na kuma gina darasina a kan abin da ba a jayayya a kansa: itatuwa, ganye, gine-gine, kayan gida, taswira, kyautata rubutu, da ado irin na zayyanar allo da ake yi wa mai sauka. Wannan fage kaɗai ya ishi shekara shida ba a ƙure shi ba. Da limamin ya ga zayyanar da yara suka yi, shi ne ya aiko mana da wani alaramma ya nuna musu yadda ake haɗa tawada mai kyau. Da ɗan gari akan ci gari.

Haka nan masu sana'a. A garuruwanmu akwai marina, da maginan tukwane, da dukawa, da masu saƙar tabarma da faifai, da mata masu ɗinkin hula da zanen lalle. A gayyaci ɗaya kowane zango ta hannun mai unguwa da kwamitin makaranta, a karɓe shi da mutunci, a sallame shi da ɗan abin goro. Ranar da yarinya ta ga kakarta a gaban aji ana ce mata malama, ranar za ta daina ganin makaranta da gida kamar ba su san juna ba.

Kuskurena, da abin da nake nema daga ƙungiya

A wata makaranta da na yi aiki, na shekara biyu ina haɗa irin wannan ɗaki, yawanci daga aljihuna. Makulli ɗaya ne, yana wurina. Ban rubuta komai ba, ban koya wa kowa ba. Rana ɗaya takardar canjin wurin aiki ta zo. Bayan wata shida na koma ziyara, na tarar an ɓalle kwaɗon, an loda karyayyun kujeru, gara ta cinye jakunkunan yara tas. Na ji zafi, na yi ta zargin mutane. Daga baya na gane rabin laifin nawa ne. Na gina abin a kaina, da na tashi sai ya tashi.

Saboda haka ina da buƙatu huɗu, kuma a gaban shugabanninmu nake ajiye su. Ƙungiyar nan tun 1931 take tsaye a kan haƙƙin malami, kuma kayan aiki na cikin haƙƙinsa.

Na ɗaya, kada malami ya sake sayen kayan darasi da albashinsa. Albashin da bai kai ƙarshen wata ba, iyali na jira, ba shi ne zai ɗauki nauyin manhajar gwamnati ba. Kada kuma a aza wa iyaye haraji, domin dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta ce karatun firamare kyauta ne. Gwamnatin jiha ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan ilimi a 2024. Reshenmu ya rubuta wa ofisoshin ilimi na Rano da Kibiya, su kai wa hukumar SUBEB, cewa duk lokacin da ake rabon kayan koyarwa a sa kayan wannan darasi a lissafi, kuma duk makarantar da za a gyara a bar mata kabad mai kulle.

Na biyu, duk inda aka ware ɗaki ko kusurwa ko akwati, a rubuta a littafin makaranta, kwamitin makaranta ya sa hannu. A yi rajistar kaya. Makulli biyu, malamai biyu. Idan an canza wa ɗaya wurin aiki, ya miƙa kaya da ƙidaya kamar yadda ake miƙa rajistar aji.

Na uku, a cikinmu akwai waɗanda suka karanci zane a kwalejin ilimi, amma an ba su wasu darussa saboda ƙarancin malamai. Reshe ya tattara sunayensu. Sau ɗaya a zango, ranar Asabar, su tara malaman makarantun da ke kusa, na Saji da Lausu a wuri guda, na Fammar da Kahu da Durba a wani, kowa ya naɗe hannun riga ya haɗa launi da kansa. Malamin da bai taɓa yumɓu ba, ba zai bari yara su taɓa ba.

Na huɗu, ranar 5 ga Oktoba, Ranar Malamai ta Duniya, bayan jawabai, a ware tebur ko tabarma ga kowace makarantar da ta fara, ta baje abin da yaranta suka yi. A gayyaci iyaye da masu unguwanni da jami'an ilimi. Gani ya kori ji. Jami'in da ya riƙe motar kara a hannunsa ya fi saurin sa hannu a takardar buƙata.

'Yan'uwa, ba duk yaran da ke gabanmu ne za su kai jami'a ba, mun sani. Wasu daga aji shida sai gona, sai kasuwa, sai shagon tela ko na kafinta ko na walda. Duk waɗannan da ido da hannu da awo ake cin abinci a cikinsu. Waɗanda za su wuce gaba kuwa, injiniya da likita da mai zanen gini, su ma hannun nan ne za su nema. Yaron motar karan da na ba ku labari, yanzu magidanci ne, yana da shagon walda, yana da yara masu koyo a ƙarƙashinsa. Duk lokacin da na wuce yakan taso ya gaishe ni, ya ce malam. Nakan amsa, amma a raina na san abin da yake ci da shi ba ni na koya masa ba, alhali shekara guda yana zaune a gabana.

Abin da nake roƙo kaɗan ne. Ranar Litinin kowa ya sami hedimastansa, ku zagaya makaranta tare, ku tsayar da wuri: ɗaki, ko kusurwa, ko akwati. Kafin ƙarshen mako a sayi kwaɗo, a buɗe rajista, a aiki yara su zo da gawayi da gwangwani wankakke. Idan muka sake haɗuwa zango mai zuwa, kowa ya zo da aikin yaro ɗaya a hannunsa.

Abin da na faɗa daidai, Allah ya amfane mu da shi. Inda na yi kuskure, ku yafe mini, ku gyara. Allah ya yi wa yaranmu albarka, ya saka wa malamai da alheri, ya mai da kowa gidansa lafiya.